Kyanwata tana zubewa, likita ya ce bugun zuciyarta ya rikice

"Assalamu alaikum Likita. Ina da kyanwa a gidanmu a Tudun Wada, nan Zariya, ta kai shekara 9 a hannunmu. Sau biyu ke nan cikin wata guda tana cikin tafiya sai ta zube kamar an zare mata laka, jim kaɗan ta miƙe ta ci gaba da harkarta. Na kai ta wurin likitan dabbobi, ya saurari ƙirjinta ya ce zuciyarta ba ta bugawa daidai, tana tsallake bugu. Mahaifinmu yana shan atenolol, an ce shi ma na daidaita bugu ne. Zan iya gutsura mata? Kuma wace irin kulawa zan ba ta a gida? Yara sun shaƙu da ita ƙwarai."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba kyanwar lafiya, ya ƙara wa Baba sauƙi.

Abin da na fahimta daga saƙonki shi ne: kyanwa ce da ta fara manyanta, ta faɗi sau biyu ta tashi da kanta, an saurari ƙirjinta an ji bugu yana tsalle, amma ba a kai ga gano dalili ba tukuna. Kina son sanin ko maganin Baba zai yi mata, da kuma yadda za ki riƙe ta a gida. Tambayar farko zan fara sallama, don ita ce mai hatsari. Ki bar wa Baba maganinsa. Atenolol rage gudun zuciya yake yi. Mu ma muna rubuta wa kyanwa shi, amma wadda zuciyarta ke gudu fiye da kima. Kyanwar da ke zubewa kuwa, yana iya yiwuwa zuciyarta dakatawa take yi na 'yan daƙiƙu. In irin wannan ce taki, kika ƙara mata abin da ke taka wa zuciya birki, to faɗuwa ta uku ba lalle ta tashi ba. Mai saurare da kunne ma ba ya cika rarrabe wacce ce a ciki, balle ni da ke amsa miki daga nesa.

Mene ne rikicewar bugu

Zuciyar kyanwa ɗaki huɗu gare ta kamar tamu, biyu a sama biyu a ƙasa, duk girmanta bai fi babban goro ba. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da ke kunna wutar lantarkin jiki, shi ne makaɗin zuciya. Wutar ta ratsa ɗakunan sama su matse, ta iso wata mahaɗa a tsakiya ta ɗan dakata, sannan ta gangara ɗakunan ƙasa su matse su tura jini huhu da sauran jiki. Bugu ɗaya ke nan. A jikin mutum hakan yana faruwa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Kyanwa a kan teburin asibiti tana yin 140 zuwa 220, a gida tana kwance cikin natsuwa kuma takan yi ƙasa da haka. Shi ya sa in aka kawo mini kyanwa a tsorace, idanu waje, na ƙirga na sami 110, hankalina ya fi tashi a kan in sami 200. Mai tsoro da gudu ya kamata zuciyarta ta yi.

Wani lokaci wani wuri a ɗakin ƙasa ne yake azarɓaɓi, ya kunna tasa wutar kafin makaɗi ya ba da kiɗa. Bugun ya zo da wuri, ɗakin bai cika da jini ba, sai ɗan shiru ya biyo baya. Galibi wannan ne likita ke ji ya ce tana tsallake bugu. In jefi-jefi ne, kyanwa ba ta ma sanin ana yi. In suka jeru a guje kuwa, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa, sai ta zube. Wani lokaci kuma ɗakunan sama ne suke barin matsewa su koma karkarwa, bugu ya zama ba kai ba gindi. A kyanwa wannan kusan kullum yana nuna ɗakin sama na hagu ya riga ya buɗe ya yi girma.

Sai na ukun, wanda na fi zargi a tsohuwar kyanwa mai faɗuwa ta tashi: mahaɗar nan ta tsakiya ta tsufa, tana hana wuta wucewa. Ki ɗauka kamar gidan da ke da janareta. In NEPA suka ɗauke gaba ɗaya, ɗakunan ƙasa suna da nasu ɗan injin da suke tayarwa, kuma na kyanwa yana da ƙoƙari, yakan ba da bugu 100 ko sama da haka a minti. Da wannan kyanwoyi da yawa suke shekaru suna cin abincinsu suna hawa katanga, ba wanda ya san da wata matsala. Inda ake samun faɗuwa shi ne wutar da ake kawowa ana ɗaukewa. Tsakanin ɗaukewar da tashin injin akwai 'yan daƙiƙu na duhu, a cikinsu ne take zubewa. Wasu har fuskarsu takan yi fizge-fizge, su dalalar da miyau, a ɗauka farfaɗiya ce, ko a gida a ce iska ta taɓa ta.

Me ya jawo shi

Nan ne aikin yake, domin rikicewar bugu hayaƙi ce, wutar tana wani wuri. A kyanwa babban abin da ke bayanta shi ne kaurin naman zuciya. Bangon ɗakin ƙasa na hagu ya yi kauri, cikinsa ya ƙuntata, ba ya sakin jiki ya karɓi jini yadda ya kamata, jinin ya taru a ɗakin sama har ya buɗa shi. Ita ce cutar zuciya da ta fi yawa a kyanwoyi. A binciken da aka yi a Ingila kusan ɗaya cikin 7 na kyanwoyin da ake gani lafiya lau an same su da ita. An fi jin sunanta a jinsunan waje irin su Maine Coon da Ragdoll, waɗanda aka gano gadonta a jininsu, amma kyanwar gida ta tsakar gida ita ma tana yi. Naman da ya yi kauri yana samun tabo, tabon kuma shi ke tayar da wutar da ba a sa shi ba.

Sai dai ba kowace zuciya mai rikici ce ke da laifi ba. A shekarun kyanwarki dole a duba tayirod, ɗan abin nan na wuya da in ya kumbura a mutum muke cewa maƙoƙo. In ya yi aiki fiye da kima sai ki ga kyanwa tana ci kamar gara amma tana ramewa, ba ta zama wuri ɗaya, zuciya tana gudu. In aka danne shi da magani, zuciyar takan lafa. Haka hawan jini, wanda a kyanwa yawanci ciwon ƙoda ke kawo shi. In awo ya riƙa wuce 160 muna ɗaukarsa da muhimmanci, don har makanta yake sawa farat ɗaya. Ƙarancin jini ma yana sa zuciya gudu. Sai gishirin jini da ake kira fotashiyam, wanda ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan sai bugu ya lalace.

Na taɓa karɓar wani muzuru da aka kawo mini daga cikin birni a cikin buhun shinkafa, an ɗaure bakin da igiya, a kan acaɓa. Masu shi sun riga sun yanke hukunci cewa maƙwabta sun ba shi guba. Jikinsa sanyi ƙalau, bugu bai kai 100 ba. Da na lalubi mararsa sai na ji mafitsara ta yi tauri kamar ɗanyen lemo. Kwana biyu ke nan fitsari ya toshe masa, fotashiyam ya taru a jini yana neman tsayar da zuciya. Muka zura masa siririyar roba muka buɗe hanya, muka ƙara masa ruwa, kafin gari ya waye bugu ya dawo daidai. Zuciyarsa ba abin da ya same ta. Da an gutsura masa maganin bugu a gida, da sai dai a haƙa rami. Wannan toshewar ta maza ce galibi, ba ta cika samun mata ba, na kawo ta ne don ki ga nisan inda dalili kan ɓuya.

Guba ma gaskiya ce, ba ta maƙwabta ba, ta cikin gidanmu. Fiya-fiya da Sniper da muke fesawa saboda sauro da kyankyasai suna rage bugu, su sa dalala da karkarwa, kuma kyanwa tana taka wurin ta zo ta lashe ƙafarta. Tumfafiya tana da sinadarin da ke taɓa zuciya, haka furen oliyanda da ake shukawa don ado a gidaje da makarantu. Kwaɗon damina ma, in ta cafke shi, dafin fatarsa yana rikita bugu. Ki zauna ki tuna ko faɗuwar nan biyu sun zo ne bayan an yi feshi.

Akwai kuma abinci. A 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya ta Davis, a Amurka, suka gano cewa rashin wani sinadari mai suna torin yana sa zuciyar kyanwa ta saki ta zama kamar tsohuwar jaka, kuma in aka mayar mata da shi takan farfaɗo. Jikin kyanwa ba ya haɗa isasshensa, sai daga nama da kifi. Tun daga nan kamfanonin abincin kyanwa suke zuba shi, cutar ta kusan ɓacewa a can. A nan kuwa, inda kyanwa da yawa ke rayuwa a kan ragowar tuwo da shinkafa, ban taɓa cire shi daga lissafi ba. Wadda ke farautar ɓera tana samun rabonta, don ɓera yana da shi sosai. Wadda aka kulle a ɗaki ana ba ta tuwo da miyar kuka ita ce abin tausayi.

Gwajin da zan nema

A Zariya mun yi sa'a, muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ki koma wurin likitanki ki nemi ya tura ki can, ko ki je da kanki da sassafe kafin rana ta yi zafi. Abin da za ki fara nema shi ne gwajin ECG, wanda ke zana wutar zuciya a takarda. Ana kwantar da ita ta gefen dama, a maƙala mata 'yan wayoyi a ƙafafu, ba zafi, ba allura. Shi ne ke faɗin ko gudu ne, ko jinkiri, ko toshewar mahaɗa. Aibinsa ɗaya: abin da ya faru a 'yan mintocin nan kawai yake kamawa. Kyanwar da ke faɗuwa sau biyu a wata tana iya ba da takarda mai kyau tsaf, sai a sake maimaitawa wata rana. A ƙasashen waje suna ɗaura wa dabba na'urar da ke naɗar bugu na awa 24, amma a nan ba kasafai ake samunta ba, kyanwa kuma ba ta son a ɗaura mata kaya.

Bayan shi sai gwajin jini na ƙoda da fotashiyam da yawan jini, da tayirod in an samu, da awon hawan jini. Sai sikanin na zuciya, wanda shi kaɗai ke nuna kaurin bango da girman ɗakin sama. Hoton ƙirji amfaninsa ganin ruwa a huhu. Zuciya mai kauri takan fito a hoton kamar lafiyayya. In aljihu bai kai duka ba, ki faɗa wa likita gaskiya tun farko, babu abin kunya. Ni a irin wannan na fi farawa da ECG da jini, sikanin ya biyo baya.

Akwai gwajin da ke hannunki wanda ba mu da shi: wayarki. In ta sake zubewa, wani ya ɗauki bidiyo, ko yaran ne. Ki lura me take yi kafin ta faɗi, daƙiƙa nawa ta yi a ƙasa, ko ta yi fitsari, ko da ta tashi ta gane mutane nan take. Mai sumar zuciya takan miƙe garau kamar ba ita ba. Mai farfaɗiya takan daɗe tana dimuwa tana layi. Minti ɗaya na bidiyo ya fi mini dogon bayani, don duk wanda ya ga dabbarsa ta faɗi, daƙiƙa 10 ma awa ce a wurinsa.

Kuma don Allah a kwali ko kwando mai murfi za ki kai ta, da tsumman da ta saba kwanciya a kai, a Keke ko mota. Buhu a kan acaɓa, da zafi da ƙarar hanya daga Tudun Wada zuwa Samaru, ya isa ya tura mai ciwon zuciya inda ba a so.

Ƙirga numfashi

In za ki riƙe abu ɗaya daga duk bayanin nan, to wannan ne. Kada ki wahalar da kanki da ƙirga bugu. Zuciyar da ke yin uku a daƙiƙa ɗaya, a jikin dabbar da ke gurnani tana mutsu-mutsu, mu ma da abin saurare sai mun natsu. Numfashi za ki ƙirga, kuma tana barci.

Ki bari sai ta yi nisa, ba lumshe idon nan na mage mai kwanciyar ɗaukar rai ba, barci na gaske, ba ta gurnani, ba a cikin rana ba. Ki zauna nesa kaɗan kada ki taɓa ta. Ki kalli haƙarƙarinta: ɗagawa da sauka, ɗaya ke nan. Ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Lafiyayya ba ta kai 30 a minti, yawanci tana wajen 20 da 'yan kai. Ki samu ɗan littafi ki rubuta kullum a makon farko don ki san nata adadin, daga baya sau biyu ko uku a mako ya isa. In kika ga ta saba 22 ta koma 28, gobe 32, jibi 35, ruwa ne ya fara taruwa a huhu ko kewayensa, ki kira likita ranar. In ta wuce 40 tana barci, ba a jiran gobe. Wannan ƙirgar takan riga kowace alama fitowa, kuma aiki ne da babbar 'yarki ko ɗanki za su iya karɓa, har su riƙa gasa.

Kada ki jira tari. Kare mai ciwon zuciya yana tari, kyanwa ba ta cika yi ba. Tarin kyanwa ya fi zama asma. Ita ɓoyewa take yi, ta bar abinci, ta zauna a tsugune ta miƙa wuya, ciki yana bugawa. Haki da baki buɗe a wurin kare ba komai ba ne, a wurin kyanwa kuwa gaggawa ce. A irin wannan hali kada a matse ta, kada a ɗura mata ruwa ko madara, a sa ta a kwali a tafi.

Ɗaya gaggawar ita ce ta ƙafafun baya. Jinin da ke kwanciya a ɗakin saman da ya buɗe yana daskarewa, gudan ya ɓalle ya bi babbar jijiya ya toshe inda ta rabu biyu zuwa cinyoyi. Kyanwa tana zaune lafiya sai ta ƙwalla ƙara, ta fara jan gindi. Kusan duk wanda ya kawo mini irin wannan cewa yake an jefe ta ko mashin ya take ta, wasu ma sai sun biya ta wurin mai ɗori. Ki taɓa tafin ƙafar: za ki ji sanyi, launinsa ya koɗe ko ya yi shuɗi-shuɗi, naman ƙafar ya yi tauri. Ba karaya ba ce, kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. Azabarsa mai tsanani ce, abin da take buƙata da farko maganin zafi ne na asibiti. Wasu suna dawo da tafiya cikin makonni, da yawa ba sa kai labari, waɗanda suka tashi kuma yana iya dawo musu.

Magani, in an kai ga shi

Ba kowane rikicin bugu muke ba wa magani ba. Tsalle jefi-jefi a kyanwar da ke ci tana wasa, sa ido kawai muke yi, don magungunan bugu su ma suna iya haifar da nasu rikicin. Taki dai tana faɗuwa, saboda haka ta wuce a zuba mata ido. In gudu ne, atenolol ko diltiazem ko sotalol muke dubawa, gwargwadon abin da takarda ta nuna. Atenolol ɗin ma ba a ba mai ruwa a huhu, ba a ba mai asma, kuma in an fara ba a yanke shi rana ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya bi kyanwoyi masu kaurin zuciya shekara 5, bai ga ya ƙara musu kwana ba, shi ya sa na daina rubuta shi don kawai an ga kauri. In toshewar mahaɗa ce, ƙwayoyi ba su cika yin abin kirki ba. Maganinta na gaskiya ɗan batirin da ake dasawa ne, aikin da ake yi wa kyanwa a manyan asibitocin Turai da Amurka. A nan abin da muke iyawa shi ne gyara abin da ke gyaruwa da kare ta daga faɗowa daga sama.

In sikanin ya nuna ɗakin sama ya buɗe sosai, muna ba da clopidogrel don hana gudan jini. An kwatanta shi da asfirin a kyanwoyin da suka taɓa samun toshewar jijiya, sakamakon ya fito a 2015, clopidogrel ya fi hana ta dawowa. Ɗaci gare shi kamar maɗaci, in ya taɓa harshenta za ki ga kumfa har ƙirji, gobe kuma ba za ta yarda ki kama ta ba. Dabarar ita ce a sa gutsuren cikin ɓawon kafso, ko a naɗe shi a 'yar tsokar kifi. Ki naɗe ta da tawul, kai kawai a waje, ki ɗaga haɓarta sama, ki jefa can ƙarshen harshe, ki rufe bakin ki shafa maƙogwaro, sannan ki bi da ɗan ruwa a sirinji marar allura. In ta lashi hanci ta haɗiye. Ko kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, ranar magani sai kin ga faratanta, don haka tawul ɗin ba ado ba ne.

In ruwa ya taru kuma sai furosemide, wanda aka fi sani da Lasix. Yana ceton rai, amma yana matsa wa ƙoda yana zubar da fotashiyam, sai ana bin sa da gwajin jini. Mai shan sa kada kwanon ruwanta ya bushe ko da dare.

Abin da ke cikin kwabar gida da na kemis, ki ɗauka duk haramun ne gare ta sai likita ya ce. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibuprofen da diclofenac suna lalata ƙoda. Dexamethasone da ire-irensa, waɗanda ake dirka wa dabbobi a kan kowane ciwo, suna iya tura mai ɓoyayyen ciwon zuciya cikin ruwan huhu. Ƙarin ruwa ma haka. Wannan a kaina na koya: farkon fara aikina na sa wa wata kyanwa mai amai ruwa, ban tsaya na saurari ƙirjinta da kyau ba, kafin la'asar tana haki. Allah ya sa Lasix ya janye shi. Tun daga ranar ba na rataya leda sai na saurara sau biyu. Haka in za a yi mata wani aiki da allurar barci, ko na haƙori ne, ki faɗa da bakinki cewa tana da matsalar bugu. A cikin alluran barcin, xylazine da aka saba amfani da shi a nan yana rage bugu, ketamine kuma yana ƙara shi, dole a sake lissafi.

Zaman gida

Abinci dai nama da kifi dafaffu, da zuciyar kaza ko ta rago in an samu, a haɗa mata da romon, don torin yana fita cikin ruwan dahuwa. A cire nata kafin a zuba gishiri da magi da albasa da tafarnuwa. Albasa tana fasa ƙwayoyin jinin kyanwa. Kilishi, tsire, ragowar miya, a bar wa masu gida. In kina iya sayen abincin kyanwa na kanti, madalla, amma na kare ba ya maye gurbinsa. Kyanwar da ta ƙi abinci kwana biyu kuma ta zama abin kai wa asibiti, ko da numfashinta daidai ne.

Zafin Maris da Afrilu na Zariya yana wahalar da su. Ki bar mata wurin da ta zaɓa, yawanci gindin randa ko simintin bayan ƙofa, kada a kulle ta a ɗakin kwano da rana. Da hunturu kuma ta samu tsumma a lungun da iska ba ta bugawa. Hayaƙin turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na janareta, a raba ta da su. Tunda tana zubewa, katanga da rufin ɗaki da bakin rijiya sun zama hatsari, rijiya a rufe ta. Ba sai kin hana ta wasa ba, kyanwa ta fi mu sanin iyakarta. Yaran dai za ki ja wa kunne su bar bin ta da gudu da ɗaga ta sama, ranar biki ko suna kuma a sa ta ɗaki ɗaya da ruwanta da kaskon yashinta.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayar, tunda kin ambaci yara. Ban ga kyanwar ba, ban ga takardarta ba, ba zan yanka mata kwana ba. Na ga tsofaffi masu toshewar mahaɗa da suka yi shekaru, ƙarshe ma wani ciwon daban ya ɗauke su. Na kuma ga masu kaurin zuciya da aka kwana da su lafiya aka wayi gari babu, ba tare da sakacin kowa ba. Gara ki fara shirya yaran da cewa tana da ciwo, ana yi mata magani, rai kuma na Allah ne.

Ranar da za ki Samaru ki tafi da littafin numfashin, da bidiyon in an samu, da kwalin duk abin da aka fesa ko aka ba ta a watan nan. In an yi ECG ɗin, ki ɗauki hoton takardar ki turo mini mu duba tare.